Tayar Alhaji Barau da Irin Geronmu

Bana azumi ya sake zagayowa cikin bazara, ni kuwa in waɗannan biyun suka haɗu ba na samun sukuni. Shekaranjiya da hantsi ina zaune a rumfar mai faci a bakin kasuwar Kibiya, don a nan iska ta fi kaɗawa, sai ga wani mutumin Unguwar Gai da ƙaramar motarsa yana mita. Wai tayarsa kullum sai ta sace, ya ba ta iska da safe, kafin magariba ta kwanta. Mai facin ya kwance ta, ya zaro tif, wato robar nan ta ciki mai riƙe iska, ya hura shi da inji, ya danna shi a kwamin ruwa. Nan take ƙwayoyin iska suka taso a jere. Ya shafa cikin tayar da hannu, ya zaro wata 'yar ƙusa da ba ta kai farce ba. Mai motar bai gama gaisawa da mutane ba aka ɗaura masa tayarsa. Na tashi na tafi gida ban yi wa kowa sallama ba.

Shekarar da nake tunawa Turawa ba su tafi ba tukuna. Ni ne direban Alhaji Barau na Rano, mai sayen gyaɗa, kuma motarsa babba ce mai bodin katako, irin wadda in ta shigo ƙauye har tsofaffi sai sun leƙo. Mutane suna ganin direba wani abu ne. Ni na san bara ne kawai mai hula a karkace. Gidanmu yana Nariya, kuma yawancin abin da matata da Innarmu suke ci ba daga motar yake fitowa ba, daga gandu yake fitowa, wanda yayana Habu ya riƙe tun rasuwar mahaifinmu. Yaya Habu mutum ne da bai taɓa tafiya cin rani ba. In samari suna ɗaure kaya bayan kaka, shi taki yake kaiwa gona da jaki. Yakan ce shi ƙasar wani ba ta san sunansa ba.

Daminar da ta wuce ruwa ya ɗauke gero yana cikin bununi. Abin da aka girbe bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Kafin a ga watan azumi rumbunmu sai ƙasan da ake sharowa da tsintsiya. Dije, matar Yaya, ita da matata sukan fita tun sassafe su kaɗo ɗorawa, su dama garinta mai ruwan ɗorawa a ƙwarya, shi ne buɗa-baki. Da sahur a ci kwaɗon zogale ba ƙuli, ko dusa da aka turara da kanwa. Zafi kuwa sai wanda ya gani. Duwatsun nan na Rano sukan sha rana tun safe, su yi ta amayo ta har bayan isha, mutum ya kwanta a tabarma ya ji kamar a kan tanda. Rijiyar unguwa ta yi nisa har aka ɗaura igiya a kan igiya, abin da guga yake fitowa da shi rabi laka ne, sai an bar shi ya kwanta.

Duk da haka Yaya bai taɓa irin shuka ba. Yana rataye a saman ɗakinsa cikin hayaƙi, yara suna kallonsa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa, sai ya yi abin da ubanmu yake yi, ya yi binne, wato ya zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa ya same shi a can. Ruwan da ya zo yayyafi ne, iyakar abin da zai yaudari iri ya tsiro. Gero ya fito kore shar, rana ta bi shi ta ƙone. Na ga Yaya yana tafiya tsakanin kunya da kunya yana duba ramuka. Ba mu da sauran ƙwaya ɗaya ta iri, haka ma gidaje da dama a unguwarmu.

Muna da kawu a ƙasar Zazzau, can kudu inda suka samu damina. Ya aiko cewa in za a iya zuwa, zai ba mu irin gero da zai ishe mu har da maƙwabta. Aka yi sa'a, ko in ce aka yi rashinta, Alhaji Barau yana shirin zuwa wajen sayo dawa, don a shekarar yunwa mai dawa shi ne sarki. Na roƙe shi ya bar Yaya ya bi mu. Ya ce ba komai, ai taimakon Musulmi ne. Ya faɗe shi da ƙarfi a ƙofar masallaci yadda kowa zai ji.

To, sai maganar taya.

Tayar gaba ta ɓangarena ta daɗe tana sacewa. Kowace safiya kafin in tayar da mota sai na ɗauko famfon hannu na yi ta bugawa. Taya ba ta sacewa haka kawai. Ko ƙusa ce ta shige ta toshe raminta da kanta, ko ƙayar aduwa, ko bawul ne, bakin da ake ba ta iska, ya saki, ko tsatsar wili ce take cin tif, ko tsohon faci ne zafi ya ɗaga masa baki, ko wata tsakuwa ce ta maƙale a ciki tana goga. Na kai ta wurin Tanimu mai faci a Rano. Ya tofa yawu a bakin bawul, bai yi kumfa ba. Ya bi bayan tayar da yatsa kaf, ba ƙusa ba ƙaya. Ya ce, "Sale, ciwon nan a ciki yake. Sai an buɗe."

Ni ma na sani, kuma na san abin da ke ciki. A daminar bara tayar wannan gurbin ta fashe mana a gangare, muka faɗa rami, Alhaji ya karye a kafaɗa. Da ya warke ya je wurin wani malami ya karɓo laya, aka ɗinke ta da fata. Malamin cewa ya yi a ajiye ta a mota. Alhaji da wayonsa ya ce ai daga inda masifa ta fito a nan za a tare ta, ya sa aka cusa layar cikin sabuwar taya, tsakanin tif da taya, ya kuma yi rantsuwa ba mai buɗe ta. Ba ina raina laya ba ne, har yau akwai ɗaya a damtsena. Amma fata in ta sha zafi bushewa take ta zama kamar dutse, tif kuwa roba ce mai laushi.

Na gaya masa a tsugune. Ya ce, "Kai Sale, tun da aka sa abin nan ka sake faɗawa rami?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe."

"To iskar da kake bugawa saya kake yi?"

Safaya kuwa tana nan ɗaure a bayan mota, amma fanko ce. Tun tsakiyar rani aka zare tif ɗinta aka yanka aka yi guga a gidan Alhaji.

Ana gobe za mu tashi, da la'asar, aka yi ruwan da ake jira. Iska ta fara zuwa ta kwashe jinkar rumbuna, sannan sama ta buɗe. Ruwa ne na gaske, mai ƙamshi, wanda ya cika kwari ya kwanta a gona. Yara suka fita tsirara suna ihu. Masu iri suka kwana suna gyara sungumi. Yaya ya tona ƙasa da hannu har gwiwar hannunsa, danshi bai ƙare ba. Ya ce mini, "Wannan laimar za ta jira mu, in ba mu yi wasa ba. Mu je mu dawo jibi."

Zuwa bai ba mu wahala ba, mota ba kaya, sau ɗaya na ba tayar iska a hanya. Kawu ya cika alkawari, har ya ƙara mana da ɗan irin wake. Sai dai kayan alfarma shi ake fara zubawa a mota, don ba shi za a fara saukewa ba. Buhunanmu suka shiga can ƙuryar bodi. A kansu Alhaji ya yi ta jibga dawa, ya bi ƙauye ya bi kasuwa, har katakon bodi yana kuka. Na ce lodin ya yi yawa. Ya ce mota ai don kaya aka yi ta.

Da muka juyo, tun ba mu bar ganin garin ba na ji sitiyari yana ja gefe. Na tsaya. Tayar ta yi tumbi a ƙasa. Na ɗauko famfo.

Wanda bai taɓa cika tayar babbar mota da famfon hannu ba, bai san abin da ake kira aikin banza ba. Ka taka shi da ƙafa biyu, ka danna da dukan nauyinka, ka ɗago, ka danna. Ƙarfen ya yi zafi har ba ya taɓuwa sai an naɗe shi da tsumma. Ka yi ta yi har idonka ya yi duhu, ka duba taya ka ga kamar ba a fara ba. Ni da Yaya muka riƙa karɓa-karɓa. Shi da ya saba da garma ya fi ni juriya, amma ciki ba komai, bayan ɗan lokaci sai in karɓe shi. In ta cika mu hau, in ja a hankali, kafin mu wuce ƙauye biyu ta sake kwanciya. Da farko muna wuce ƙauye biyu. Daga baya ɗaya. Daga baya in na hango wata kuka a gaba sai in ce Allah ya kai mu gindinta.

Alhaji ya ajiye azumi, ya ce shi matafiyi ne, kuma gaskiyarsa, addini ya ba shi. Yakan shimfiɗa buzu a inuwa da gorar ruwa da ƙullin dabino, yana jan carbi yana ba mu ƙarfin gwiwa. Ni ma da na ga zan faɗi na sha ruwa. Yaya ya ƙi. Ya ce shi yana roƙon Allah wani abu, ba zai je gabansa da baki a jiƙe ba. Leɓunansa suka tsattsage. Wani lokaci na ce ya tofa mini yawu a bawul in sake dubawa, ko Allah ya sa laifin a nan yake, ya yi ta motsa baki, bai samu abin tofawa ba.

Duk inda muka tsaya, kafin ya karɓi famfo, sai ya ratsa gefen hanya ya tona ƙasa da yatsu ya dunƙula. Ranar farko ta dunƙulu. Washegari sai da ya zurfafa. A gonakin da muke wucewa mutane suna ta shuka, maza a gaba da sungumi, mata da yara a baya suna jefa iri suna takewa da diddige. Sukan ɗago mana hannu. Daga baya muka daina ganin masu shuka, an gama.

Ba sau ɗaya na yi wa Alhaji magana ba. Na ce a bar ni in buɗe, ina da sholisho, gam ɗin faci, ina da ɗan guntun roba, kafin ya idar da sallah na gama. Ya ce rantsuwa ya yi. Na ce kaffara ai tana da sauƙi a wurin mai dawa mota guda. Ya kalle ni ya ce, "Direbobi suna nan a Kano suna neman aiki." Akwatin jak da libobin ɓanɓare taya kuwa makullinsa yana ɗaure a lalitarsa, a gindin motar kuma yake kwana.

Sai Yaya ya je da kansa. Bai saba roƙo ba, har ya rasa yadda zai tsuguna. Ya ce, "Alhaji, don girman Allah a sauke mini buhu ɗaya. Zan ɗauka a ka in yanki daji. Ƙasa tana bushewa."

Alhaji ya ce, "Haba Malam Habu. Buhunka yana ƙarƙashin kayan mota guda. Wa zai sauke, wa zai mayar? Ku da ko famfo yana gagararku? Ka yi haƙuri, yau in Allah ya yarda a gida za mu sha ruwa."

Haka ya faɗa ranar, haka ya faɗa washegari. Na ce wa Yaya mu fasa akwatin da dutse, abin da zai faru ya faru. Ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Motarsa ce, Sale. Alfarma ya yi mana. In ya kore ka, baki nawa ne a gidan za su koma kaina?" Har yau in na tuna wannan kalma ta alfarma sai in ji ɗaci a harshena.

Tafiyar yini guda ta cinye mana kwanakin da ba na son ƙirgawa. Sama ta yi fari fat, ko gizagizai babu. A kusa da Rurum, da hantsi, tayar ta ƙi karɓar iska gaba ɗaya. Muna bugawa tana fita, ana jin huci. Wasu masu jakuna suka wuce, Alhaji ya tambaye su labarin gari, suka ce gobe kasuwar Rano, kuma dawa ta yi wuyar da ba a taɓa gani ba, amma an ce wata mota tana tafe da ita daga Kano. Ban taɓa ganin Alhaji ya miƙe da sauri irin na ranar ba. Ya kwance makulli daga lalita ya jefo mini. Ya ce, "Buɗe ta. Allah ya ga larura."

Na kafa jak, na kwance taya, na sa liba na ɓanɓare ta. Layar ta faɗo ƙasa da ƙara kamar tsakuwa. Ta bushe ta ƙanƙance, gefenta ya yi kaifi. Ban nemi ruwa ba don gano ramin. Hoton layar yana nan kwance a jikin tif, kusurwa huɗu, har da sawun ɗinkin, kuma a kusurwa ɗaya roba ta cinye ta tsage. Na kankare wurin da dutse, na shafa sholisho, na jira ya sha iska, na manna faci na danne da diddige. Na shafa cikin tayar da hannu ko da saura, ba komai, sumul. Na barbaɗa ɗan toka don kada tif ya manne, na mayar, muka buga iska. Ta cika ta tsaya ƙyam. Duk aikin bai ci tsakanin azahar da la'asar ba.

Alhaji ya ɗauki layar ya jujjuya ta ya hure mata ƙasa. Na zaci zai ji kunya, ko ya yi faɗa, ko ya ce a mayar. Da ya yi ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi. Sai ya ce, "Au, ashe ita ce? To ba sai a rataye ta a gaban mota ba." Ya miƙo mini, kamar wani ne can ya hana tun farko. Ya ce mu hanzarta kada rana ta faɗi.

Yaya yana tsaye a gefen hanya. Wannan karon bai sunkuya ya tona ƙasa ba.

Rano muka fara zuwa, don dawa ce a sama. Sai da aka sauke ta kaf aka kai ga buhunanmu. Muka isa Nariya ana kiran magariba. Gonakin masu iri sun yi layi-layi kore, gero ya kafa saiwa ya bi danshi ƙasa. Tamu tana nan ja, ta yi ɓawo. Da safe Yaya ya sara sungumi, ƙura ta tashi. Maƙwabtan da suka sa rai suka zo suka karɓi rabonsu, suka yi godiya a hankali, ba wanda ya kalli idon wani.

Yaya ya ce a jira ruwa na gaba, ba zai sake binne ba. Ya ajiye buhun a ɗakinsa. Aka jira. Azumi ya ƙare, aka yi sallar da ba a ɗora tukunya ba. Ɗorawa ta ƙare a bishiya. Ƙaramar 'yarsa ta fara kumburin ƙafa, ta daina kuka. Wata safiya Inna ta tsaya a ƙofar ɗakinsa tana kallon buhun. Shi da kansa ya kwance bakin buhun ya auna wa Dije a ƙwarya. Ina zaure na ji tabarya ta fara sauka a turmi. Ya fito ya wuce ni ya tafi bayan gari, bai dawo ba sai da aka gama daka. Kwano bayan kwano, haka irin ya tafi. Lokacin da ruwa ya dawo sosai, abin da ya rage bai rufe ko gefen gonar ba, ga shi kuma ya makara, bai yi ido ba.

Masu iri suka ci tumu a shekarar. Alhaji Barau ya ƙara mota ta biyu. Ni ban bar aikinsa ba sai bayan shekaru, don Yaya ya yi gaskiya, bakunan gidan suna da yawa.

Kafin kaka Yaya ya ce zai tafi haƙar kuza a ƙasar Jos. Ya jingine garmarsa a bayan rumbu, ya bar mini gandu, ni da ban iya riƙe kunya ta miƙe ba. Ya ce in ya samu abin iri zai dawo kafin bazara. Bai dawo ba, a can aka binne shi, tari ya kama shi a ramin kuza. Ranar tafiyarsa ta dace da Alhaji ya aike ni kudu, sai na ɗauke shi zuwa mararrabar da ake samun motocin Jos. Hanyar nan ce dai. Muka wuce Rurum, muka wuce kukokin da muka kwana a gindinsu, ɗaya bayan ɗaya, ban tsaya ko sau ɗaya ba. Duk tafiyar ƙullin kayansa yana kan cinyarsa. Rana ba ta kai tsaka ba muka isa.

Ya sauka, ya saɓa ƙullinsa, ya tsaya yana kallon motar tun daga gaba har baya.

Ya ce, "Sale, ashe motar nan tana da gudu."